Baƙin Notin da Ya Rage a Gwangwani

Wanda ya saba bin titin Shahuci ya san rumfar Malam Isiyaku mai kujera, ko da bai san sunan mai ita ba. Rumfar kwano ce, da tsohon keken ɗinki na ƙafa a bakin ƙofa, daga ciki kuma tulin soso da ragowar leda sun kusa taɓa rufi. A Zaitawa aka haife shi, gidan dukawa. Mahaifinsa matasan fata da jakunkuna yake ɗinkawa. Da kasuwarsu ta ja baya, Isiyaku yana ɗan shekara goma sha tara ya ɗauki basilla da almakashi ya koma ɗinkin kujerun mota. Da motocin haya ya fara. Daga ɗinki ya koyi kwance kujera da mayar da ita, daga nan ya san ƙarfen da ke ƙarƙashinta, har ta kai makanikai in kujera ta gagare su wajensa suke turowa.

Shekara talatin da tara yana wannan aiki bai taɓa sayen abin auna ƙarfin noti ba. Da hannu yake ji. In ya ja sufana ya tsaya, to ya ɗauru, babu mai sake dubawa a bayansa. Bai iya yawan magana ba, ba ya zama majalisa, daga rumfa sai masallaci sai gida wajen matarsa Hajo. Abokin hirarsa ɗaya ne, Aminu mai walda, wanda rumfarsa ke manne da tasa tun suna da baƙin gashi.

A shekarar da abin ya faru, tun bayan babbar Sallah yatsu biyu na hannunsa na dama suka fara mutuwa. Sai ya riƙe kofin shayi ya ga kofin a ƙasa. Wani lokacin yana cikin magana kalma ta ɓace masa, ya tsaya yana kallon mutum. Hajo ta lura, ta yi masa zancen asibiti sau uku, ya ce sanyi ne kawai. Ko Aminu ma, Isiyaku bai gaya masa ba. A ganinsa, ranar da aka ji hannun Isiyaku ya soma rauni, ranar aka gama da rumfar.

Wata Laraba da hantsi aka kawo motar. Ja ce, mai ƙofa biyu da kujera biyu, ga ta ƙasa-ƙasa har sai da aka jera katako kafin ta hau kwalbatin gaban rumfa. Mai ita Abdulhakeem ne, ɗan Hajiya 'Yardada ta Kabara, saurayi mai shekara ashirin da takwas da ke kula da shagon atamfar gidansu a Kwari tun bayan rasuwar mahaifinsa. Isiyaku ya san uban, shi ya yi ta gyara masa kujerun mota har ya koma ga Allah. A bayan jar motar ga a-kori-kura ɗauke da manyan kwalaye biyu.

Kujerun tsere ne a ciki, waɗanda samari ke kira bokiti, daga Dubai aka auno su. Masu zurfi ne, gefunansu sun taso kamar daro, in mutum ya zauna sai su rungume shi tun daga cinya har kafaɗa. Abdulhakeem ya ce a cire na kamfani a sa waɗannan, kuma yana so kafin Asabar. Bai ɓoye dalili ba. Akwai wasan mota da suke yi da abokai a wani fili da aka share a hanyar Gwarzo, irin wanda ake figar mota a murɗa sitiyari ta riƙa juyi a gicciye. Tsohuwar kujerar, in ji shi, wurgi take yi da shi.

Isiyaku ya kwance kan batir tukuna, saboda wayoyin jakar iska da ke bi ta ƙarƙashin kujera, sannan ya fito da tsohuwar ya kifa ta a ƙasa. Nan ya ga inda matsalar take. Bakin da ake soke bel ɗin ɗaure jiki a ciki ba a jikin mota yake ba, a jikin ƙarfen tsohuwar kujera aka ɗaure shi, da wani baƙin noti mai kauri mai lamba a kansa. Sabuwar kujera ba ta zo da wurin ɗaure shi ba. Ga shi kuma gefenta ya yi tsawo, in bel ya bi ta samansa ba zai kwanta a ƙashin ƙugu ba, a kan tumbi zai tsaya.

Ya yi wa yaron bayani. Abdulhakeem ya yi dariya ya ce ai abu mai sauƙi ne, a jefa bakin bel ɗin ƙarƙashin kujera a soke masa ɗan ƙarfe don mota ta daina ƙara, haka abokansa suke yi. Bel ɗin tsere mai kafaɗa biyu yana hanya, in ya iso a sa.

"In haka kake so, mayar da kwalayenka mota," in ji Isiyaku. "Ba a rumfata ba."

Saurayin ya ɓata rai, ya ce akwai masu yi a Ƙofar Ruwa cikin awa biyu. Isiyaku ya ci gaba da goge hannu da tsumma. Can dai Abdulhakeem ya ajiye makulli a kan keken ɗinki ya ce, "To Baba, yi yadda ka gani. Amma Juma'a da yamma zan ɗauka."

Kwana biyu suka yi a kai shi da Aminu. Isiyaku ya yanka kwali ya fitar da siffa, Aminu ya yanko farantin ƙarfe mai kauri ya yi masa walda a gindin kowace kujera, ciki da waje. Aka huda. Isiyaku ya zuro bel ta ramin da ke gefen kujerar, ya zauna da kansa ya ja, ya tashi, ya sake zama, har sai da ya ji ya kwanta masa a ƙugu. Baƙaƙen notin kamfani guda biyu ya zuba su a gwangwanin madara ya ajiye a kan kanta, don kada haƙoransu su lalace wajen sawa da cirewa. Gwaji kuwa da farin noti na kasuwa yake yi, irin mai laushin nan, ya murɗa shi da yatsa kawai. Sai komai ya daidaita yake cire fari ya sa baƙi ya ɗaure.

Ɓangaren direba ya kammala ranar Alhamis. Na fasinja ne ya ja shi har bayan sallar Juma'a. Rana ta yi zafi, kansa na sarawa tun a masallaci. Yana kwance rabin jikinsa a cikin mota ya ji hannun ya tafi gaba ɗaya, tun daga gwiwa. Sufana ta zame ta faɗa ƙarƙashin kujera. Ya fito da ƙyar ya zauna a benci, ya cusa hannun a aljihun riga. Daidai lokacin Abdulhakeem ya iso da abokai biyu, suna zagaya mota, suna shiga suna fita, suna ɗaukar hoto. Isiyaku ya jira har yatsun suka ɗan dawo, ya zaro sufanar da hagu, ya haɗa kan batir, ya soke bel ɗin direba ya fizga, ya soke na fasinja ya fizga. Duka suka riƙe. Aka yi sallama, mota ta sauka daga kan katako ta tafi.

Ranar Asabar wajen goma da rabi na safe Isiyaku yana share kanta, tsintsiya ta ture gwangwanin. Wani abu ya yi ƙara a ciki. Ya ɗauka ya juye a tafin hannu, sai ga baƙin noti guda ɗaya.

Ya daɗe a tsaye yana kallonsa. Ya so ya gaya wa kansa na wata motar ce, amma ya san ba haka ba ne. Ya yi ƙoƙarin tuna lokacin da ya ɗaure na fasinja, ya tuna zafin rana, ya tuna sufana ta faɗi, ya tuna benci. Tsakanin nan babu komai. Farin noti ne ke riƙe da bel ɗin, wanda ya murɗa da yatsa zagaye uku ko huɗu. Fizgar hannun tsoho ba za ta fitar da shi ba. Girgizar hanya za ta sassauta shi, nauyin mutum a cikin gudu kuwa zai tsinka shi.

Ya kira lambar Abdulhakeem, ta yi ta ringi ba a ɗauka ba. Ya sake, haka. A karo na huɗu aka ce a kashe take. Bai san inda filin yake ba, hanyar Gwarzo kuwa doguwa ce.

Ya leƙa rumfar Aminu ya buɗe masa tafin hannu. Aminu ya ɗage gilashin walda ya dubi notin, ya dubi fuskar abokinsa. Ya kashe inji ya turo babur.

Kabara suka fara nufa, ta lunguna, Aminu na kauce wa kwata da masu tura ruwa. A hanya Isiyaku yana ta lissafin abin da zai faɗa. Ya san Hajiya 'Yardada ba ta da labarin wasan motar nan, yaron da bakinsa ya roƙe shi kada zancen ya je gida. Ya yi niyyar ya ce wani ɗan gyara ne ya rage, ya karɓi lambar wani aboki ya tafi.

Hajiya ta sa aka shigo da shi zaure na biyu, ta fito da mayafi da carbi a hannu. Suka gaisa, ta tambayi Hajo. Ta ce Abdul ya fita tun ƙarfe tara, ya ɗauki ƙanwarsa Shamsiyya zai kai ta gidan gwaggonsu a Kabuga. Yarinyar tun jiya take rawar kai a kan sabbin kujerun nan, ta ce ita za ta fara zama.

Isiyaku ya dafa bango.

"Malam Isiyaku, lafiya?"

"Hajiya, ba Kabuga suka tafi ba." Ya nuna mata notin. "Wannan ya kamata a ce yana riƙe da bel ɗin kujerar da Shamsiyya ke kai. Ni na manta ban sa ba. Kuma wasan mota suka tafi."

Ba ta yi salati da ƙarfi ba, ba ta zage shi ba. Ta dube shi har sai da ya sunkuyar da kai, sannan ta ciro waya daga cikin mayafi. Ta kira Shamsiyya, ba a ɗauka ba. Ta kira uwar ɗaya daga cikin abokan, ta yi mata magana a taƙaice da wata irin murya da Isiyaku bai taɓa ji a bakinta ba. Cikin minti biyar aka kira ta aka faɗi wurin: bayan an wuce Janguza, a karya hagu wajen wani gidan bulo, ƙarfe goma sha biyu ake farawa. Agogon zauren ya nuna sha ɗaya da minti ashirin.

"Ku tafi," ta ce. "Zan ci gaba da kira."

Cunkoso ya tare su tun kafin Kabuga, wata babbar mota ta mutu a tsakiyar titi. Aminu ya riƙa kutsawa tsakanin adaidaita sahu, gwiwoyinsu na gugar ƙarfe. Isiyaku ya damƙe notin da hagu, aljihunsa ɗauke da sufana biyu suna bugun cinyarsa. Hannun dama ya kasa riƙe ƙarfen babur, sai ya zagaya shi a ƙugun Aminu. A nan Aminu ya gane. Ya ji hannun a jikinsa kamar tsumma, babu riƙo. Ya ɗan juyo ya tambaye shi tun yaushe. Isiyaku ya ce tun bayan Sallah. Aminu ya ƙara wuta.

Sun wuce gidan bulon ba su gani ba, sai da suka tambayi wani mai rake suka dawo. Tun daga nesa suka jiyo kukan injina. Fili ne fetal na jar ƙasa, an jera tsofaffin tayoyi an yi da'ira, motoci sun fi ashirin a gefe, matasa sun yi cincirindo da wayoyi a sama. Wata baƙar mota ce a tsakiya tana juyi, ƙura ta turnuƙe. Jar motar tana bakin shiga, ita ce ta gaba, injinta na kunne. Ta gilashi Isiyaku ya hango farin hijabi.

Bai jira babur ya gama tsayawa ba. Ya diro, ya yi tuntuɓe, ya tashi, ya ratsa mutane. Baƙar motar ta fita, wani mai tuta ya ɗaga hannu. Isiyaku ya shiga gaban jar motar ya dafa bonet da hannu biyu.

Aka yi ta ihu a cire tsohon nan. Wani ya kamo rigarsa ta baya, Aminu ya iso ya ɓamɓare hannun. Abdulhakeem ya fito a fusace, sai da ya matso ya gane ko wane ne.

"Baba, me ya kawo ka nan? Wa ya nuna maka wurin nan?"

"Kashe motar. Ka ce wa ƙanwarka ta fito."

Shamsiyya ta fito riƙe da waya, ɗaliba ce 'yar shekara ashirin, tana duban yayanta tana duban tsohon. Isiyaku ya durƙusa a ƙofar fasinja, ya zura hagu tsakanin kujera da giya. Ya taɓa kan notin. Ya riga ya fito da rabi, yana lilo. Ya murɗa sau ɗaya da yatsa biyu, bakin bel ɗin ya biyo hannunsa gaba ɗaya. Ya ɗago shi sama inda kowa zai gani, wayar lantarkin da ke jikinsa na reto.

Abdulhakeem ya karɓi farin notin ya jujjuya shi. Ya tambaya ko wani ne ya taɓa motar. Hanyar wanke kai ce a buɗe, Isiyaku ya gan ta sarai. Motar ta kwana a waje, yara sun shiga sun fita.

"Ba wanda ya taɓa," ya ce. "Na gwaji ne, ni na bar shi. Ga na gaskiyan."

Ya sa aka kashe mota aka cire kan batir. Ya zura baƙin notin, ya kama haƙori, ya ɗora sufana. Da ya zo ja, hannun ya ƙi. Ya sake gwadawa, sufana ta zame. Ya gwada da hagu, wurin ya yi matsi, ba ta juyuwa. Mutum sama da talatin na tsaye a kansa, wasu na ɗauka a waya. Gumi ya jiƙa masa hula. Ya ja da baya ya miƙa wa Aminu sufanar, ya ce masa ya ja har sai ya ce ya isa. Aminu ya ja, Isiyaku ya ɗora yatsun hagu a kan ƙarfen yana saurare, ya ce ƙara, ya ce ƙara kaɗan, sannan ya ce tsaya. Bai bar wurin ba sai da aka bi duk notin kujerun biyu ɗaya bayan ɗaya. Sauran duk lafiya suke.

Ba a yi wasan da jar motar ba ranar. Shamsiyya ta duba wayarta ta ga kiran mahaifiyarta goma sha bakwai, ta kira, ta saurara, ta miƙa wa yayanta. Ya koma gefe ya daɗe da waya a kunne. Da ya dawo bai dubi Isiyaku ba. Ya ce wa ƙanwarsa ta shiga, suka juya suka nufi gari a hankali.

Aminu bai mayar da shi rumfa ba, asibiti ya wuce da shi kai tsaye, ya kira Hajo daga can. Likita ya ce jininsa ya hau ƙwarai, kuma abin da ya same shi ranar Juma'a ɗan ƙaramin shanyewar jiki ne, ba shi ne na farko ba. Ya kwana shida a gado. Hajo ba ta ce masa ai na faɗa maka ba, amma ta kwashe gishiri da dunƙulen miya daga girkinsa tun daga ranar, ba ta kuma nemi shawararsa ba.

Hoton ya zaga wayoyi kafin a sallame shi. Wasu suka ce dattijo ne na kirki, wasu suka ce ya kusa kashe 'yar mutane, kuma duka biyun ya yarda da su. Makanikai biyu da suka saba turo masa aiki suka daina. Hajiya 'Yardada ta karɓe makullin motar, bayan wata biyu aka sayar wa wani mutumin Kaduna. Ta aiko a duba shi a asibiti da kwanon farfesu, amma ita ba ta zo ba, ba ta kuma sake kawo masa aiki ba. Abdulhakeem ya yi kusan shekara in sun haɗu a jana'iza ko ɗaurin aure sai ya kau da kai. Daga baya ya soma gaishe shi, gaisuwa ta baki, iyakarta ke nan.

Hannun ya dawo, amma ba duka ba. Isiyaku ya bar aikin ƙarfe. Yanzu in an kawo kujerar da za a kwance, Aminu ne ke kwancewa ya ɗaure, shi yana zaune a benci yana faɗar abin da za a yi, kuma sai an ƙirga noti a gabansa kafin mota ta tashi. Yawancin aikinsa ya koma ɗinkin kujerun adaidaita sahu da labulensu, yana tura leda da hagu yana taka keke. Yana da shekara sittin da ɗaya. Litinin ɗin farko ta kowane wata rumfar a rufe take har azahar, ranar ganin likita ce, direbobin da suka saba da shi kuma sun san haka, sai su bar kujerunsu wajen Aminu su dawo da yamma.